Yadda Dabbobi Ke Tafiya A Tudu, Har Da Kifi

Rannan na tafi duba wani ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye da ke bakin fadama. Da aka tashi daga karatu, sai wani dattijo cikin 'yan ajin ya matso kusa, ya ce, "Malam, ina da tambaya."

Na ce, "To, Baba, Allah ya sa na sani."

Ya ce, "Bara da farkon damina, wata rana aka kwana ana ruwa. Da asuba na tafi gona, sai ga tarwaɗa biyu kwance cikin kunya, da ransu. Tsakanin gonata da rafi kuwa akwai 'yar rata. Mutane suka ce daga sama suka faɗo tare da ruwa. Shin haka ne?"

Na ce, "A'a, Baba, da kansu suka zo."

Sai ajin duka ya fashe da dariya. Wani saurayi ya ce, "Haba, Malam! Kifi da tafiya a tudu? Da wace ƙafa?"

Tambayar saurayin nan tana da kyau, ita ce kuwa dalilin wannan karatu. Amma kafin mu kai ga kifi, bari mu fara da dabbobin da mu ke gani kullum. Idan muka lura da su, za mu ga kowace dabba tafiyarta ta dace da wurin zamanta da irin abincinta. In mun gane wannan, labarin tarwaɗa ba zai yi mana wuya ba.

Masu Ƙafa Huɗu

Ku dubi sawun mutum bisa rairayi. Za ku ga tafin ƙafa duka, daga dunduniya har yatsu. Biri ma da tafin ƙafarsa ya ke takawa. Irin wannan taku yana da kyau wajen tsayuwa da ƙarfi, amma ba shi da sauri ƙwarai.

Yanzu ku dubi sawun kare ko na kyanwa. Babu dunduniya a ciki, sai dagi da yatsu. Watau kare bisa yatsunsa ya ke tafiya, kamar mutum mai sanɗa. Haka kura ta ke, haka zaki. Wannan ya ƙara wa ƙafarsu tsawo, ya kuma rage ƙarar takunsu. Mai farauta kuwa yana bukatar duka biyu.

Doki da jaki sun wuce nan. Su bisa akaifa su ke tafiya. Kofaton doki ba kome ba ne sai akaifar yatsa guda, wadda ta yi kauri ta yi faɗi. Saniya da akuya da tunkiya da barewa yatsu biyu su ke takawa da su, shi ya sa kofatonsu ya ke a rabe. To, ina dunduniyar doki? Ku dubi ƙafarsa ta baya. Gaɓar nan da ke can sama, wadda ta lanƙwasa baya, mutane na tsammani gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce, dunduniya ce. Dabbobin nan ciyawa su ke ci a fili, ba su da wurin ɓuya. Idan abokin gaba ya taso, gudu ne kaɗai mafitarsu, saboda haka ƙafarsu ta zama doguwa, maras nauyi.

Raƙumi yatsu biyu gare shi, amma ƙarƙashinsu akwai tafi mai faɗi mai taushi. Idan ya taka yashi, sai tafin ya baje, ba ya nutsewa. Giwa kuma, irin wadda ke dajin Yankari a Jihar Bauchi, tana da kitse mai kauri a ƙarƙashin ƙafarta kamar matashin kai. Don haka duk girmanta ba a cika jin takunta ba. Amma giwa ba ta iya tsalle. Kome saurinta, kullum akwai ƙafarta aƙalla guda a ƙasa.

Jera Ƙafafu

Samun ƙafa huɗu daban, iya jera su daban. Ku tsaya ku kalli jaki yana tafiya a hankali. Ƙafa ɗai ɗai ya ke ɗagawa, sauran suna riƙe da shi. Idan doki ya shiga sassarfa, sai ya riƙa ɗaga ƙafa biyu tare, ta gaba ta dama da ta baya ta hagu, sa'an nan ya sake. Raƙumi ba haka ya ke yi ba. Shi ƙafafun gefe guda ya ke ɗagawa tare, na dama biyu, sa'an nan na hagu biyu. Abin da ya sa ke nan mai hawan raƙumi ya ke rangaji. Raƙumin dawa, irin wanda ke dajin Kure kusa da Yamai a ƙasar Nijar, shi ma haka ya ke takawa.

Da can mutane sun daɗe suna gardama a kan sukuwar doki. Waɗansu suna cewa akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duka ke barin ƙasa, waɗansu suna cewa ba ya yiwuwa. Ido ba ya iya rabewa, don abin ya yi sauri. A shekarar 1878 wani mai ɗaukar hoto a Amurka, sunansa Muybridge, ya jera na'urorin ɗaukar hoto a bakin hanya, aka saki doki ya wuce a guje. Da aka duba hotunan, sai ga doki a sama, ƙafafunsa huɗu a tattare ƙarƙashin cikinsa, ba ko ɗaya a ƙasa. Gardama ta ƙare.

A cikin dabbobin tudu duka babu mai gudun rabbi. Shi wani ɗan'uwan damisa ne, siriri, mai dogayen ƙafafu. Ya kan kai gudun kilomita 100 a sa'a guda, watau kamar mota bisa kwalta. Ƙashin bayansa yana lanƙwashewa yana miƙewa kamar baka, shi ne ke ƙara masa tsawon taku. Amma ba ya jurewa. Bayan ɗan lokaci kaɗan sai ya tsaya yana haki. Jimina kuma, da ƙafarta biyu da yatsu bibbiyu, ta kan kai kilomita 70 a sa'a. Tana da fiffike, amma ba ta tashi sama, ƙafarta ce dukiyarta.

Waɗansu kuwa tsalle ne tafiyarsu, kamar zomo da kwaɗo da fara. Dukansu ƙafafunsu na baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi. Idan kun ga sawun zomo mai gudu, za ku ga manyan sawu biyu a gaba, ƙanana biyu a baya. Manyan nan na ƙafafun baya ne, sun tsallake na gaba suka sauka.

Masu Ƙafa Da Yawa

Tururuwa da kyankyaso da ƙuda ƙafa shida gare su. Yadda su ke tafiya abin sha'awa ne. Su kan ɗaga uku, su bar uku a ƙasa: biyu a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen. Kowace mace ta san tukunya ba ta faɗuwa bisa duwatsun murhu uku. Haka tururuwa ta ke, kullum tana bisa murhunta.

Gizo-gizo da kunama ƙafa takwas gare su. Ƙaguwa kuma a karkace ta ke tafiya, don gaɓoɓin ƙafafunta sun fi lanƙwasawa ta gefe. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa ta jikinsa, ƙadandoniya kuwa huɗu. Ku kalli ƙadandoniya tana tafiya, za ku ga ƙafafunta suna motsi bi da bi, kamar iska na kaɗa gero. A shekarar 2021 masana suka ba da labarin wata irin ƙadandoniya da aka samo cikin ƙasa a Ostareliya. Da aka ƙirga ƙafafun guda ɗaya, sai aka sami 1,306. Duk da haka shanshani ya fi ƙadandoniya sauri. Ashe yawan ƙafa ba shi ne sauri ba.

Marasa Ƙafa

To, ga maciji ba shi da ƙafa ko ɗaya, amma wa zai ce ba ya tafiya? Ƙashin bayansa gaɓoɓi ne fiye da 200, don haka yana lanƙwasa yadda ya so. A cikinsa kuma akwai ɓawo mai faɗi jere-jere, wanda ke kama ƙasa. Gamsheƙa ta kan karkaɗa jikinta dama da hagu, tana tura tsakuwa da ciyawa da duk abin da ta taɓa, ta haka ta ke cin gaba. Idan aka sa maciji bisa gilashi mai santsi, sai ya yi ta mutsu-mutsu, da ƙyar ya ke gusawa, don ba abin da zai tura.

Kasa, da ya ke ita mai kauri ce, ta kan tafi a miƙe. Ɓawon cikinta ne ke kama ƙasa yana jan jikin gaba kaɗan kaɗan. Sawunta miƙaƙƙe ne, kamar an ja taɓarya bisa rairayi.

Tana ita kuma miƙewa ta ke yi ta zama siririya, sa'an nan ta takure ta jawo bayanta. Dodon koɗi kuwa da cikinsa ya ke tafiya bisa yauƙin da ya ke fitarwa.

Masu Hawa

Ƙadangare yana hawa bango da akaifunsa masu tsini. Hawainiya yatsunta sun haɗu kashi biyu, biyu a gefe, uku a gefe, sai ta kama reshe kamar awartakin maƙeri, ta kuma naɗe wutsiya a jikinsa. Tsaka ta fi su duka, don ita har a kife ta ke tafiya a rufin ɗaki. Ba danƙo ke ƙafarta ba. Waɗansu gasu ne ƙanana ƙwarai, dubbai a kan dubbai, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke manne wa bango.

Kafin mu bar ƙadangare, ku lura da abu guda. Ƙafafunsa a gefe su ke, ba ƙarƙashin ciki ba kamar na akuya. Idan yana gudu, jikinsa na lanƙwasawa dama da hagu, wutsiya na bi. Ina kuka taɓa ganin irin wannan motsi? A wurin kifi cikin ruwa. To, yanzu mun iso ga tambayar Baba.

Tarwaɗa A Gona

Abu biyu ke hana kifi zama a tudu: numfashi da rashin ƙafa. Idan kun ɗaga murfin da ke gefen kan kifi, za ku ga wani jan abu jere kamar haƙoran mataji. Da shi kifi ke tace iskar da ke cikin ruwa. Idan aka fitar da kifi tudu, sai jan abin nan ya manne ya bushe, kifi ya mutu. Shi ya sa karfasa ba ta daɗewa a hannun masunci.

Tarwaɗa kuwa tana da ƙari. Ran da za a dafa ta a gidanku, ku roƙi uwargida ta bari ku duba cikin kanta. A bayan jan abin nan za ku ga wani nama mai rassa kamar ƙaramin itace. Da shi ta ke shaƙar iska sosai kamar ku. Wannan ne ya sa a ke kai ta kasuwa da ranta, ta kuwa yini cikin ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba.

Sai batun ƙafa. A gefen ƙirjin tarwaɗa, dama da hagu, akwai ƙaya mai ƙarfi cikin fiffikenta. Duk masunci ya san ta, don ta soke shi. Idan tarwaɗa ta fito tudu, sai ta kafa ƙayar dama a ƙasa, ta karkaɗa jiki, ta kafa ta hagu, ta sake karkaɗawa. Haka ta ke rarrafe har ta kai inda za ta. Da dare ta fi fita, sa'ad da a ke ruwa ko ciyawa na jiƙe, don kada rana ta busar da fatarta.

Me ke fitar da ita? Wani lokaci kududdufin da ta ke ciki ne ya ƙafe, sai ta tafi neman wani. Da farkon damina kuma tarwaɗa kan bar rafi ta bi ruwan da ya malala cikin ciyawa, don can ta ke zuba ƙwai. Idan ruwa ya janye da asuba, sai a tarar da ita a kunya. Gaskiya ne, a waɗansu ƙasashe guguwa mai ƙarfi ta kan tsotsi ƙananan kifaye daga teku ko tabki ta zubar a tudu, amma ba kasafai a ke ganin haka ba. Tarwaɗar Baba dai da ƙayarta ta zo.

Tarwaɗa tana da 'yar'uwa a ƙasashen Asiya. A shekarun 1960 aka kai irinta Jihar Fulorida ta Amurka. Waɗansu suka tsere daga inda a ke kiwonsu, suka yaɗu, har mutane suka riƙa ganinsu suna ƙetare titi idan an yi ruwa.

Gaiwa

Gaiwa ita ma abin mamaki ce. Ana samunta a fadamun Haɗejiya da Nguru da Tabkin Cadi da sauran wurare da yawa. Ita huhu gare ta sosai. Lalle ne ta riƙa tasowa saman ruwa tana shaƙar iska. In aka hana ta tasowa, sai ta mutu cikin ruwa, ga ta kuwa kifi.

Idan rani ya yi, ruwa ya ƙafe, gaiwa ba ta ƙaura. Sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama mata kamar jaka. Ta kan bar 'yar kafa wajen bakinta don iska. Nan za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, jikinta ne ke ciyar da ita. Ashe da a ke cewa gaiwa jikinta ta ke ci, ba ƙarya aka yi ba. Ran da ruwa ya sauka, taɓo ya jiƙe, sai ta farka ta fito.

Fikafikan gaiwa huɗu ne, sirara kamar igiya. A shekarar 2011 masana a Jami'ar Cikago ta Amurka suka ɗauki hoton motsinta cikin ruwa. Suka ga tana taka ƙasan ruwa da fikafikanta na baya, dama da hagu, kamar mai ƙafa.

Kifi Mai Hawa

Wanda ya taɓa zuwa bakin teku wajen Fatakwal ko Kalaba, ya ga waɗansu itatuwa da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Idan ruwan teku ya janye, sai taɓo ya bayyana, sai ka ga waɗansu 'yan kifaye, tsawonsu kamar inci 6, suna yawo a kai. Idanunsu a saman kai su ke kamar na kwaɗo. Fikafikansu na gaba suna da gaɓa kamar hannu. Kifin ya kan dogara da su ya ja jikinsa gaba, kamar gurgu da sandunansa biyu. In ya tsorata, sai ya buga wutsiya ya yi tsalle. Yana guntse ruwa cikin kumatunsa, yana kuma shaƙar iska ta fatarsa muddin tana jiƙe. Ƙwari da ƙananan ƙaguwa ya ke farauta bisa taɓo, ya kan kuma hau saiwoyin itatuwan nan ya kwanta.

A ƙasar Indiya akwai wani kifi da aka yi wa suna mai hawan itace. A shekarar 1791 wani hafsa mutumin Denmak, sunansa Daldorff, ya ce ya kama shi a jikin wata irin giginya, wajen ƙafa 5 daga ƙasa. Masana na baya ba su yarda cewa hawan itace halinsa ba ne. Abin da aka tabbatar shi ne yana shaƙar iska, yana kuma tafiya a tudu daga tabki zuwa tabki, yana dogara da ƙayoyin da ke murfin kumatunsa.

Gwanin hawa na gaske yana tsibiran Hawayi, can tsakiyar babban tekun Fasifik. Shi ɗan ƙaramin kifi ne, bai kai ɗan yatsa ba sa'ad da ya ke hawan. Daga teku ya ke shiga rafi, ya tarar da ruwa na zubowa daga kan dutse mai tsawo. Bakinsa da cikinsa suna kama dutse kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Sai ya manna baki, ya jawo ciki, ya sake manna baki, har ya hau dutsen da ya kai ƙafa 300.

Amfanin Wannan Karatu

Kada wani ya ce wannan labari ne na hira kawai. Akwai abu uku da za mu ɗauka.

Na ɗaya, kofato akaifa ce, kullum tana tsiro. Akuyar da ke yawo ƙasa ke goge mata ita. Amma da damina mu kan ɗaure dabbobi saboda shuka. Idan turke ya zama taɓo da kashi, sai kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe, tsakanin yatsu ya ruɓe, dabba ta yi ɗingishi ta rame. Ku ɗaure su a busasshen wuri, ku riƙa share turke, ku datse kofaton da ya yi tsawo. In ya fara wari, ku kira malamin dabbobi.

Na biyu, sawu rubutu ne bisa ƙasa, ya kamata mu iya karanta shi. Idan kun ga miƙaƙƙen sawu mai faɗi kusa da gida ko rumbu, ku yi hankali, mai yiwuwa kasa ce. Ita ba ta cika gudu ba, kwantawa ta ke yi shiru har a taka ta. Ku sa takalmi in za ku gona, ku riƙe fitila da dare. Wanda maciji ya sara kuwa a kai shi asibiti nan da nan.

Na uku, tarwaɗar da ke fitowa ciyawa da farkon damina yawanci ƙwai ta zo zubawa. Idan aka bi su da sanda aka kashe duka, baɗi me za a kama? Haka kuma mai zuba guba a kududdufi don ya sami kifi da yawa rana ɗaya, ya kashe uwa da 'ya'ya, ya kuma sa mutane da dabbobi cikin haɗari. Mai kiwon tarwaɗa kuwa ya ɗaga bakin tabkinsa ko ya kewaye shi da raga, in ba haka ba daren ruwa dukiyarsa za ta tafi da kanta.

Da na gama wannan bayani, sai dattijon nan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, lalle ɗaya daga cikinsu cike ta ke da ƙwai. Da na sani, da na mai da ita rafi."

Na ce, "Ba kome, Baba, damina na tafe."

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin takun mutum da na kare da na doki?
2. Me ya sa mai hawan raƙumi ya ke rangaji?
3. Ƙafa nawa tururuwa ke bari a ƙasa in tana tafiya?
4. Da me tarwaɗa ke shaƙar iska, da me kuma ta ke rarrafe?
5. Yaya gaiwa ke wuce rani?
6. Gobe da sassafe ku duba hanyar rafi. Ku rubuta sunayen dabbobi biyar da kuka ga sawunsu, ku kawo aji.